Idon Baƙo: Lacca ga Ɗalibai Masu Shirin Tafiya Bautar Ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. Ku da ke tsaye bakin ƙofa ku shigo, ga kujeru nan gaba, sahun farko ba ya cizo. (dariya)

An ce in yi muku magana kan zaman baƙunta, tunda nan da 'yan watanni takardar bautar ƙasa za ta fito, wani ya ga Ebonyi, wata ta ga Ekiti, gida ya yi tsit kamar an yi rashi. A 1973 aka kafa shirin nan, zamanin Janar Yakubu Gowon, shekara uku bayan yaƙin basasa, don a ɗauke ka daga inda kowa ya san ubanka a kai ka inda ba wanda ya taɓa jin sunansa. Abu uku zan faɗa, in Allah ya yarda.

Na farko, baƙo yana ganin abin da ɗan gari ya daina gani. In na tambaye ku yanzu, a gidanku wa ke fara sa hannu a kwano? In an je gaisuwar mutuwa, wa ke fara magana, kuma yaushe ake tashi? Kuna yi, amma ba ku taɓa lura ba, domin a ciki kuka buɗe ido. Shi kuwa baƙo dole ya lura, in ba haka ba ya ji kunya a bainar jama'a.

Nan zan ba ku labarin wani yaro da nake matuƙar ƙauna, Dorugu. Wa ya taɓa jin sunansa? Hannu biyu kawai. To ku saurara. Bahaushe ne daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram. Yana ƙarami aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa, ya yi ta sauya hannu har ya faɗo Kukawa, babban birnin Barno a lokacin. Can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Overweg ya rasu a 1852 kusa da Tafkin Chadi, sai yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Da shi aka je Tambutu a 1853, da shi aka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, a 1855 sai ga shi a Landan, shi da wani yaro ɗan Margi mai suna Abbega. Bai fi shekara 15 ko 16 ba.

Ku tsaya ku auna. Ku jihar da za a tura ku, mota ce za ta kai ku, ga waya a aljihu, ku kira Inna safe da yamma. Wannan yaro fa? Ya zauna cikin Barebari yana baƙo, ya ratsa ƙasar Buzaye da Larabawa yana baƙo, ya shiga gidajen Turawa yana baƙo. Ba dangi, ba mai tsaya masa. Jarinsa ido da kunne.

A Ingila wani malamin mishan, James Frederick Schön, ya zaunar da shi yana faɗa ana rubutawa, da Hausa, aka buga a 1885. Ku nemo ku karanta, don Allah. Abin da ke burge ni shi ne irin kallon da yake wa mutane. Yakan bayyana yadda Turawa ke zaman cin abinci dalla-dalla, cikin natsuwa, yana faɗin abin da idonsa ya gani. Mu fa da mun ga al'adar da ba tamu ba, kafin ido ya gama gani baki ya yanke hukunci: "Kai, waɗannan mutane!" Daga nan ka rufe wa kanka ƙofa, ba za ka ƙara fahimtar komai ba. Ni a ganina bauta ce ta koya masa wannan natsuwa, domin wanda rayuwarsa ke hannun wasu dole ya iya karanta fuska tun ba a yi magana ba. Makaranta ce mai ɗaci, Allah ya raba mu da irinta. Amma ku ga inda ta kai shi: ya dawo a 1864, ya yi aikin tafinta, wato tsayawa tsakanin mutum biyu da ba sa jin juna, a ƙarshe ya koyar a makarantar Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, a Nasarawa, Kano, inda ya rasu a 1912. Tafinta fa ba harshe kawai yake juyawa ba, sai ya san abin da zai ɓata wa wannan rai da abin da zai kwantar wa wancan hankali. Sai ya san zuciya biyu. Zuciya biyu, ku riƙe wannan.

Shugaban taro yana nuna min agogo. Na gani, ranka ya daɗe.

Na biyu, da sauri. Muhajirai da suka isa Madina baƙi ne. Da Sa'ad bin Rabi'i ya yi wa Abdurrahman bin Auf tayin rabin dukiyarsa, sai Abdurrahman ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa. Ku ma ku nemi kasuwa, can ake sanin gari. Kuma ya zo a Bukhari cewa da aka kai wata amarya gidan wani mutumin Ansar, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi Nana A'isha ko ba su tafi da abin wasa ba, domin Ansar suna son wasa. Ya lura da abin da ke faranta wa masu masaukinsa rai.

Ni gabas aka tura ni. Tsohuwar da na yi haya a gidanta, kullum da la'asar sakaliya sai ta fito da kujera ta fuskanci hanya, ta zauna har duhu, ba ta kula kowa. Na daɗe ina kallo. Daga baya wani malami abokin aikina ya gaya min ɗanta ne ya fita lokacin yaƙi, ba a ga gawarsa ba, ba a ji labarinsa ba. Tun daga ranar, in na dawo makaranta sai in gaishe ta da ɗan Igbon da na tsinta, in zauna gefe. Ba na jin yarenta sosai, ita ma ba ta jin nawa. Mutanen unguwa sun saba da kujerar nan har sun daina ganinta, ni da na zo jiya ita ce abin da ya fara tsone min ido. Wannan shi ne na uku, ko kuwa cikin na biyun ne? To, duk ɗaya. Ka lura da wanda aka bari shi kaɗai, domin kai ma ka ɗanɗana.

Na ga hannu can ɓangaren mata. A miƙa mata lasifika.

"Malam, Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. To ina iyakar wannan? Ni ina tsoron kada garin neman shiga jama'a mutum ya zubar da addininsa da tarbiyyarsa."

'Yata, kin yi tambaya mai kyau, kuma na san ba ke kaɗai ke da ita ba. Fahimtar mutane daban, zama su daban. Suratul Hujurat, aya ta 13, ta ce an sanya mu al'ummomi da ƙabilu don mu san juna, ba ta ce mu narke mu zama abu guda ba. In an kawo abin sha da ba kya sha, ki ce na gode, ki karɓi ruwa, ki zauna a ci gaba da hira. A ƙasar Igbo in an kawo wa baƙo goro, akan yi addu'a a kansa kafin a fasa, to ki jira, kada ki kai hannu. A ƙasar Yarabawa ki koyi gaisuwar manya tun makon farko. In an yi wa maƙwabciyarki rasuwa ki je, da hijabinki, ki zauna, ki taya wanke kwanuka. Mutane suna gane wanda ya ƙi abu don addininsa da wanda ya ƙi don ƙyama, wallahi suna ganewa, ko ba su ji yarenki ba.

Kuma akwai ranar da za ki yi duk wannan a ƙi kula ki. Zai yi ciwo. Ki nemi unguwar Hausawa, kusan kowane babban gari na kudu akwai Sabo ko wani zango, ki ci tuwo ki ji Hausa ki huce. Amma washegari ki koma cikin mutanen gari, kada shekarar ta ƙare miki a Sabo.

An kira salla. Mai tambaya ta biyu, ka riƙe ta, in mun idar sai mu ɗora daga kanka.