Cocin Gouda da hoton sarkin da aka yi wa tawaye

Masu kallo, nan garin Gouda ne a ƙasar Holan. Duniya da cuku ta san shi, amma mu cocinsa ya kawo mu, wato Sint Janskerk, mai ɗauke da sunan Yohanna Mai Baftisma. Tsawonsa daga gaba zuwa baya mita 123, duk ƙasar babu cocin da ya kai shi. Daga waje ba lallai ka gane haka ba, don gidaje da lunguna sun matse shi ta ko'ina.

Mu shiga ciki. Ku ɗaga kai, rufin nan na katako ne, saboda ƙasar Gouda tana da taushi, ba ta jure nauyin dutse. Amma tagogin su ne abin kallo, gilasai masu launi har 72.

A shekarar 1552 tsawa ta faɗa wa hasumiyar, gobara ta cinye mafi yawan ginin. Lokacin cocin yana hannun Katolika. Da aka tashi sake gini, sai aka roƙi sarakuna da manyan limamai kowa ya ɗauki nauyin taga. 'Yan'uwa biyu, Dirck da Wouter Crabeth, su suka yi mafi shaharar aikin. Ga tagar da Sarki Filibus na Biyu na Sifaniya, wanda a lokacin shi ke mulkin Holan, ya bayar a 1557, ga shi nan a durƙushe tare da matarsa, Sarauniya Mary ta Ingila. Willem na Oranje ma ya ba da tasa, mutumin da daga baya ya ja ragamar tawaye ga wannan sarki.

A 1566 masu fushi da Katolika suka bi coci-coci suna farfasa gumaka, amma abin bai taɓa tagogin Gouda ba. A 1573 aka damƙa cocin ga 'yan Furotesta. Suka kwashe gumaka da bagadai, wa'azi daga mumbari ya zama jigon ibada, sai dai gilasan suka bar su, har da fuskar sarkin da ake yaƙi da shi. A ganina nan ne suka nuna dattako. Maimakon fasawa ƙari suka yi: garuruwan Holan suka aiko da sababbin tagogi, ciki har da wadda birnin Delft ya bayar, mai nuna yadda aka ceto birnin Leiden daga ƙawanyar sojojin Sifaniya a 1574.

A 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya kunno kai, aka ciro gilasan aka ɓoye, bayan yaƙin aka mayar da su. A 1947 aka ƙara wata taga ta tunawa da 'yantar da ƙasar daga mamayar Jamus.