Akuya da Tiyar Gero: Da Me Ake Auna Juriyar Gari?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau ina tare da Malam Sani, wanda ya daɗe yana aikin agaji a karkarar Maraɗi, da ƙanwata Zainab. Malam, ƙungiya ta raba hatsi, ta rubuta rahoto cewa gari ya farfaɗo. Haka ake aunawa?

Sani: A'a Hajiya, wannan lissafin abin da aka bayar ne. Juriya ita ce, bayan fari ko ambaliya, me gida ya rasa, kuma wata nawa ya ɗauka kafin ya miƙe.

Zainab: Amma Malam, Hukumar Abinci ta Duniya tana da nata ma'auni. Ana tambayar uwargida, cikin kwana 7 da suka wuce, kwana nawa aka ci hatsi, wake, nama ko madara. Har ana tambaya ko manya sun haƙura don yara su ci.

Sani: Ma'auni ne mai kyau, ina amfani da shi. Sai dai yunwar yau yake nunawa. Ki je da kaka, kowa ya ƙoshi. Ki koma a Agusta, rumbu ya yi ƙasa, gari ɗaya amma amsa biyu. Ki tuna 2005 a Nijar: akwai hatsi a kasuwa, amma gero ya yi tsada, dabba kuma ta faɗi warwas. Shi ya sa nake fara tambaya da wannan: akuya ɗaya tiya nawa ta gero take sayowa? Sannan wacce aka sayar, bunsuru ne ko uwar garke? Wanda ya sayar da bunsuru ya biya buƙata. Wanda ya sayar da uwa mai ciki ya cinye baɗi.

Hadiza: Allah Sarki. To zumunci fa? Adashe, habbanaye (aron dabba ga wanda ba shi da ita har ta haihu), kuɗin 'yan ci-rani?

Zainab: Yaya, nan ne nake tsayawa. Ma'aunin juriya da ake kira RIMA, na FAO, wato Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, yana duba kadara da tallafi da kusancin asibiti da makaranta. Amma ta yaya za a sa zumunci a takarda?

Sani: A zauna da mutanen gari su zaɓi tambayar. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "Ɗana, ka tambaye ni gida nawa zan shiga in ari tiya ba tare da kunya ba." Tun daga ranar nake rubuta amsar, gida gida.

Zainab: Ita nawa ta ce?

Sani: Da can huɗu. A shekarar da muka yi maganar, ɗaya.