Zaman Tare a Samaru: Me Ke Sa Ɗaliban Jami'a Su Fahimci Juna?

Masu kallonmu, barkanku da wannan lokaci. Duk wanda ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, zai ga sunayen Ɗanfodiyo da Amina da Ribaɗu, sannan ya ga na Akenzua da Alexander. Akenzua na biyu Oba ne, wato sarkin masarautar Benin, kuma ya riƙe muƙamin uban jami'ar, shi kuwa Norman Alexander mutumin ƙasar New Zealand ne, shi ne shugabanta na farko lokacin da aka buɗe ta a watan Oktoba na 1962. Wanda ya gaje shi a 1966, Farfesa Ishaya Audu, likita ne Kirista da ya yi karatunsa na farko a Wusasa, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya shugabance ta. Tun daga tushe, jami'ar da ke ɗauke da sunan Sardauna an gina ta ne domin ta karɓi kowa, ba tare da duba ƙabila ko addini ba.

Tsarin ɗaukar ɗalibai ma yana taimaka wa wannan cuɗanya. A jami'o'in gwamnatin tarayya, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a ba da kashi 45 cikin ɗari na guraben karatu bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ɗauka an bar su a baya a ilimin boko. Saboda haka a aji guda za a samu Bakatsine da Banufe da Babarbare, ga ɗan Tibi da ɗan Bajju, ga Bayarabe da ɗan Ibo, wani lokaci har da ɗalibi daga Nijar ko Kamaru.

To sai dai tara mutane a harabar makaranta ɗaya bai isa ya sa su fahimci juna ba, kuma tarihi ya nuna hakan da zafi. Rikicin addinin da ya ɓarke a watan Maris na 1987 ya faro ne daga saɓani tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin 'yan kwanaki ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka yi asarar rayuka, aka ƙona wuraren ibada. Waɗannan ɗalibai suna zama a aji ɗaya, suna cin abinci a wuri ɗaya, amma kusancin bai hana wutar tashi ba. Masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke Gordon Allport ya yi bayani tun 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyama ne idan waɗanda suka haɗu suna a matsayi ɗaya, suna aiki tare domin cim ma buri guda, kuma hukuma tana mara musu baya. In babu waɗannan, kowa zai iya kammala shekara huɗu ya koma gida da irin zargin da ya zo da shi, wataƙila ma ya ƙara.

Mu leƙa ɗakin kwana, domin a nan ne ake gwada haƙurin kowa. A watan azumi ɗalibi Musulmi yana tashi wajen ƙarfe huɗu na dare ya kunna risho ya ɗumama abincin sahur, alhali abokin zamansa bai daɗe da kwanciya ba bayan ya dawo daga karatun dare. Shi kuma abokin, a safiyar Lahadi yakan kunna waƙoƙin coci yana goge kayansa. Akwai batun tukunya da cokali, wato wanda za a ara wa da abin da za a dafa a ciki, akwai kuma batun taka darduma da takalmi cikin rashin sani. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma yawancin irin wannan saɓani ba ya wuce kwana biyu idan an zauna tun makon farko an faɗa wa juna abin da kowa ba ya so. Abin da ke lalata al'amari shi ne a yi shiru, a fita waje a kai ƙara wurin 'yan ƙungiya, sai maganar risho ta rikiɗe ta zama maganar addini.

Haka abin yake wajen gaisuwa. Ɗalibar da ta miƙa hannu, namiji ya ɗora nasa a ƙirji maimakon ya karɓa, tana iya ɗauka wulaƙanta ta ya yi, alhali a wurinsa girmamawa ce. Jimla ɗaya ta bayani, cikin sakin fuska, tana kashe wannan zato.

Akwai wani nauyi da ya fi hawa kan masu jin Hausa, kuma ya kamata a faɗe shi ba kwana-kwana. A Samaru Hausa ce harshen kasuwa da na masu acaɓa, don haka Bahaushe ɗan gari ne ko da daga Sakkwato ya zo. Idan ɗalibai shida suna tattauna aikin da malami ya ba su, biyar suka juye zuwa Hausa suna dariya, na shidan zai tattara littattafansa da tunanin cewa da shi ake. Ba laifi ba ne mutum ya yi harshensa, amma a wurin aikin haɗin gwiwa da zauren WhatsApp na aji, adalci shi ne a yi magana da harshen da kowa ke ji. Wasan barkwanci irin na Fulani da Barebari, ko na Gobirawa da Yarabawa, gado ne mai kyau da ke sassauta zama, sai dai yana da ƙa'ida: sai wanda ya san wasan ake yi wa shi. Kiran mutum da sunan raini na ƙabilarsa ko addininsa kuwa ba barkwanci ba ne, ko da an haɗa da murmushi.

Ƙungiyoyin ɗalibai na jiha da na addini, irin su MSSN ta ɗalibai Musulmi da FCS ta ɗalibai Kirista, suna da amfani babba, domin su ne ke tarbar sabon ɗalibi, su nuna masa wurin rajista, su koya masa darussan da suka gagare shi. Haɗarin shi ne su zame masa katanga, ya gama karatu bai taɓa cin abinci da wanda ba na garinsu ba. Zariya tana da misalin akasin haka. A 1958, a kwalejin da daga baya ta zama ɓangare na jami'ar, wasu ɗaliban zane da suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya sun kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ƙabilunsu daban-daban ne, sana'a ce ta haɗa su, kuma kowannensu ya zo da salon zanen gargajiyar garinsu ya gauraya da abin da ya koya a aji, har aikinsu ya sauya alƙiblar zanen zamani a Najeriya.

Saura kuma yana hannun hukuma da malamai. Darasin sanin al'ummomi da al'adun Najeriya da ake yi a shekarar farko ba zai yi tasiri ba muddin haddacewa kawai ake yi don cin jarrabawa. Abin da ya fi shi aiki shi ne kada a sa gwaji a lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi, a samar da hanyar hawa ga mai keken guragu, a kuma tanadi mai karanta wa ɗalibi makaho takardar jarrabawa ko na'urar da zai yi amfani da ita. Wajen rabon aikin rukuni kuma, malamin da ya bar ɗalibai su zaɓi abokan aiki da kansu zai ga kowa ya koma wurin 'yan garinsu. Idan ya raba su da kansa bisa jerin lambobin rajista, ya kuma ɗaura makin kowa a kan aikin rukunin gaba ɗaya, dole ɗan Gusau da 'yar Makurɗi su karɓi lambar wayar juna, su tsayar da lokacin haɗuwa a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim.