Amsoshin Tambayoyinku: Ina zan ɗaura zoben igiyar ja a tsohuwar motata?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Tambayarmu ta farko ta fito daga wani bawan Allah mazaunin Ingila. Ya ce yana da tsohuwar mota ƙirar MGB, yana so ya shiga da ita filin tsere na Brands Hatch ranar da ake buɗe wa masu sha'awa, amma an ce masa sai ya sa wurin ɗaura igiyar ja gaba da baya. Tambayarsa: ko zai iya ɗaura zoben da ake maƙala igiyar a jikin bamba?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. A taƙaice, kada ka ɗaura shi a bamba. MGB, wadda aka ƙera a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, bambarta an yi ta ne don tare ɗan gugar da ake yi wajen ajiye mota. Ranar da ka zame daga kwalta ka nutse cikin tsakuwar da ake shimfiɗawa a bakin kwana, motar janwe za ta fizge ka ne tayoyi a binne, sau da yawa ma a karkace. A wannan hali ƙarfin da zai hau kan zoben na iya wuce nauyin motar, wanda ya kai kusan tan guda. Idan ƙarfe ya ɓalle, igiyar ce za ta yi majaujawa da shi, kuma jami'an filin na tsaye a wurin. Akasarinsu 'yan sa kai ne, sun fito ne don su cece ka.

Haka nan kada ka kama rodin sitiyari, ko hannun da ke riƙe da taya, ko sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana. Za su lanƙwashe, wataƙila ba ka gani ba sai kana cikin gudu.

Inda ya dace shi ne dogayen ƙarafan shasi guda biyu da injin ke zaune a tsakaninsu. Amma fa MGB jikinta da shasinta haɗe suke, kuma mota ce da tsatsa ke so. Kafin komai, bakanike ya ɗaga ta, ya kankare baƙin fentin ƙasa har ya ga farin ƙarfe, ya ƙwanƙwasa da guduma. Idan ya ji sautin ya mutu, ko sukundireba ta huda, to gyaran wurin ne aikin farko. Zobe mai tsada a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba ya tsinana komai.

In ƙarfen na da lafiya, a huda shi, a sa faranti mai kauri a baya don ya raba nauyin. Tunda cikin shasin rami ne, a zura guntun bututu inda notin zai bi, in ba haka ba kana ɗaurewa bangon biyu za su matse, daga baya notin ya saki. Notin kuma ya zama mai ƙarfi, wanda aka buga 8.8 ko 10.9 a kansa, da abin kulle shi. Ni dai na fi natsuwa da noti a kan walda, domin waldar da aka yi a siririn ƙarfe mai shekara 50 tana iya yin kyau a ido alhali gefenta ya ƙone.

Game da doka, hukumar tsere ta duniya FIA ta ce zoben ya kasance gaba da baya, a bayyane, da fenti rawaya, ja ko ruwan lemo. A Birtaniya, ƙa'idar tseren fili ta Motorsport UK, hukumar tseren motoci ta ƙasar, ta nemi faɗin cikin zoben kada ya gaza milimita 60, don ƙugiya ta shiga ba tare da fama ba. Ranar masu sha'awa ba gasa ba ce, kowane mai shiryawa da nasa sharaɗin, saboda haka ka tambaye su tun kafin ka sayi komai.

Mutane da yawa yanzu sun koma madauki na ɗamara ko na igiyar waya, saboda ƙarfen da ya turo waje kan huda motar wani idan an yi karo. Ɗamara kuwa rana da mai suna cin ta, sai a riƙa dubawa, kuma kada ta goga da kaifin ƙarfe. Ka manna alamar kibiya kusa da ita, yadda jami'i zai gan ta da kallo ɗaya.

Allah ya kiyaye hanya, Malam. Sai tambaya ta gaba.