Lacca: Yadda Sojojin Ruwan Jamus Suka Samu Ido A Sama

Toh jama'a, mu fara da matsalar kanta. Kyaftin yana tsakiyar teku, ko ya hau ƙololuwar jirgi iyakar ganinsa 'yan kilomitoci ne, abokin gaba na iya wucewa bai sani ba. Shi yasa tun kafin yaƙin duniya na farko sojojin ruwan Jamus ke neman ido a sama. Da farko hankalinsu na kan Zeppelin, ƙaton balan-balan ɗin nan, sai gashi a 1913 biyu sun halaka, L1 ya faɗa teku kusa da tsibirin Heligoland, L2 ya kama da wuta.

A gefe guda wani injiniya, Theodor Kober, ya buɗe kamfani a Friedrichshafen a 1912, bakin tafki, yana ƙera jiragen katako da yadi, fukafukai hawa biyu, a madadin tayoyi an sa musu ƙafafu kamar ƙananan kwale-kwale. Ku gane, tashi ba shine wahalar ba, wahalar ita ce sauka kan igiyar ruwa ƙafar bata karye ba, injin bai sha gishiri ya mutu ba, nan ne samfura da yawa suka faɗi jarrabawa.

A Janairun 1915 a Zeebrugge, tashar jiragen ruwa a Belgium, sai suka yi wata kasada, suka ɗora FF.29, ɗaya daga jiragen saman kamfanin nan, a gadon bayan jirgin ƙarƙashin ruwa U-12 na Walther Forstmann, aka fita teku, jirgin ya ɗan nutsa, na saman ya tsaya kan ruwa ya tashi abinsa har gaɓar Ingila ya dawo. Manya basu ci gaba da shi ba, ni kam ina ganin sun yi gaggawa.

Amma wanda yafi burge ni shine FF.33e, shima na kamfanin ne, da jirgin ruwan farmaki Wolf ya tafi da shi a ƙarshen 1916. Inji mai ƙarfin doki 150 kacal fa! Da ƙugiya ake sauke shi kan ruwa, ya je ya leƙo ya dawo da labari. A Yunin 1917 arewa da New Zealand ya jefa wa jirgin kaya Wairuna takarda cikin jakar yashi, kar ku taɓa wayar iska, ku nufi Wolf, ya saki bam a gabansu don su san ba wasa, haka suka miƙa wuya. Sai Fabrairun 1918 Wolf ya koma Kiel, ƙaramin jirgin nan yana tare da shi.