Sharhi: Tsige Shugaban Ƙasa, Ina Halaccinsa Yake?

Jama'a masu sauraro, kundin tsarin mulkin da ya ba talaka ikon zaɓen shugaba, shi ne kuma ya ba majalisa ikon tsige shi. Sai dai yawan hannayen da aka ɗaga a zauren majalisa bai isa ya sa jama'a su yarda cewa an yi adalci ba.

Mu ɗauki ƙasar Paraguwai da ke Kudancin Amurka. A watan Yunin 2012, bayan wata arangama kan gonaki da ta ci rayukan mutum 17, majalisar wakilai ta tuhumi Shugaba Fernando Lugo. Washegari majalisar dattawa ta sauke shi da ƙuri'u 39, huɗu kacal suka ƙi. Sa'o'i biyu aka ba lauyoyinsa su kare shi. A kan takarda ba a karya doka ba, amma ko ɓarawon akuya ana ba shi lokacin da ya fi haka a gaban alƙali. Maƙwabta ba su gamsu ba, har ƙungiyar kasuwancin yankin, wato Mercosur, ta dakatar da ƙasar. A ganina sun yi daidai, domin an riga an yanke hukunci tun kafin a zauna.

Amurka kuwa matsalarta ta wani gefe ce. An tuhumi shugabanninta Andrew Johnson a 1868, da Bill Clinton a 1998, da Donald Trump har sau biyu, amma babu wanda majalisar dattawa ta sauke. Ana buƙatar kashi biyu bisa uku, kuma sanatoci sun fi duban jam'iyya fiye da hujja.

To, ga Koriya ta Kudu. A daren 3 ga Disamban 2024, Shugaba Yoon Suk Yeol ya ƙaƙaba dokar soji, ya tura dakaru harabar majalisa. 'Yan majalisa suka tsallaka katanga suka soke dokar a daren. Ranar 14 ga watan suka kaɗa ƙuri'ar tsige shi, da goyon bayan wasu 'yan jam'iyyarsa. Duk da haka ba a ce an gama ba. Aka miƙa batun ga kotun tsarin mulki, wadda ta shafe makonni tana sauraron shaidu, shi ma Yoon ya bayyana ya faɗi nasa. Magoya bayansa sun yi ta zanga-zanga, ba a hana su ba. Ranar 4 ga Afrilun 2025 alƙalai takwas suka amince baki ɗaya a sauke shi, tare da bayyana dalilansu a gaban kowa.

Wannan jinkirin shi ne ya ba hukuncin nauyi. Miliyoyin da suka zaɓi Yoon sun cancanci a nuna musu laifin da ya rushe ƙuri'arsu, kuma an nuna musu. Cikin wata biyu aka gudanar da sabon zaɓe, aka rantsar da Lee Jae-myung, sojoji kuma suna barikinsu.