Muryar farko da za ta shiga kunnenka da safe

Ƙarfe shida saura kwata na safe. Ido bai gama buɗewa ba, amma hannu ya riga ya lalubo rediyo a gefen gado. Ka danna, murya ta cika ɗakin. To, dakata a nan. Wa ya zaɓi wannan muryar? Ga yawancinmu, babu wanda ya zaɓa. Inda allurar ta kwana jiya da dare, nan muka tarar da ita, muka ci gaba da saurare. Mutum zai canza riga sau biyu kafin ya fita, amma abin da zai fara shiga kunnensa, wanda zai yini yana yi masa yawo a ka, sai ya bar shi ga sa'a. A kan waɗannan mintunan farko za mu tsaya a wannan bidiyon.

Mu fara da jikinka. Farkawa ba ta zuwa lokaci guda kamar an kunna fitila. Akwai magagin barcin nan da kowa ya sani, ka tashi zaune amma kanka na can baya. Masu binciken barci sun auna shi: yawanci yakan ɗauki minti 15 zuwa 30, ga wanda barci bai ishe shi ba kuwa yana iya kaiwa awa guda ko fiye. A wannan lokacin tunani tafiyar hawainiya yake yi, tantance magana tana wuya. A daidai lokacin kuma, wani sinadari da ake kira kotizol yana hauhawa a cikin jini, ya kai ƙololuwa kamar minti 30 zuwa 45 bayan an farka. Wannan lafiya ce, jiki ne ke ɗaura ɗamarar fuskantar yini. Sai ka haɗa biyun. Jiki a shirye yake ya zabura, hankalin da zai tace magana kuma bai gama dawowa ba. Duk muryar da ta shigo a wannan gaɓa ta tarar da ƙofa a buɗe, mai gadi bai iso ba.

Ni kaina na yi shekaru ina tashi da wani shiri na kiran waya. Mai gabatarwa ya jefo batu mai zafi, wannan ya kira ya zazzaga, wancan ya kira ya rama, wani a katse shi yana tsakiyar magana. Kafin in sa takalmi raina ya riga ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba. Wata safiya ɗana ya tambaye ni inda na ajiye masa littafinsa, na daka masa tsawa. Na ga yadda ya tsaya yana kallona, idonsa ya kawo ruwa. Yaron bai yi laifin komai ba. Fushin wasu mutane da ban taɓa gani ba na kwaso daga akwati na juye masa. Tun ranar na fara lura da abin da nake kunnawa.

Abin da na ji a jikina, bincike ma ya taɓo shi. A shekarar 1997, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Birtaniya, Wendy Johnston da Graham Davey, sun raba mutane gida uku, suka nuna wa kowane rukuni labaran talabijin na minti 14. Wasu an tace musu labarai masu daɗi, wasu tsaka-tsaki, wasu kuma marasa daɗi. Waɗanda suka kalli marasa daɗin, damuwa da baƙin ciki sun ƙaru a ransu, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne, har matsalolinsu na ƙashin kansu, waɗanda ba ruwansu da labaran, sai suka riƙa hango su sun fi yadda suke girma. Talabijin aka yi amfani da shi a wannan gwaji, amma duk wanda ya taɓa fita daga gida da nauyin labarin da ya ji a rediyo ya san inda maganar ta dosa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina cewa a guji labarai ba. Mutum yana bukatar sanin halin da duniyarsa ke ciki, kuma rediyo na daga cikin abubuwan da suka fi iya kawo masa wannan cikin sauƙi, hannunsa na aiki, kunnensa na ji. Matsalar tana wurin maimaici. Tashoshi da yawa suna karanta kanun labarai a kan kowace awa, wasu har da rabin awa, domin sun san masu saurare shigowa suke suna fita. An tsara shirin ne don wanda zai tsaya minti ashirin. Idan kai ka bar rediyon a kunne tun shida har tara, mummunan labari guda za ka ji shi sau uku, sau shida, ba tare da ka ƙaru da ko kalma ɗaya ba. Ilimin ka same shi tun a jin farko. Sauran duk nauyi ne ake ƙara maka. Shawarata ita ce ka zaɓi cikakken labari guda ɗaya, ka saurare shi da kyau daga farko har ƙarshe, sannan ka murɗa.

Wace tasha ke nan? A nan ne nake so mu ɗan jima.

Masu aikin labarai a rediyo suna da wani ma'auni da suke koya wa sababbin shiga: a Turanci, mai karatu yana furta kusan kalma uku a daƙiƙa ɗaya. Yi lissafi. Labaran minti biyar kalma 900 ke nan, kusan dogon rahoto guda a jarida. Duk abin da ya faru a duniya cikin dare, a wannan ɗan wurin za a cusa shi. Ke nan akwai wani edita da ya tashi tun kafin asuba, ya zauna da labarai da yawa a gabansa, ya ɗauki kaɗan ya ajiye sauran, ya yanke wanne zai zo farko. Ranar da ka zaɓi tasha, idon wannan mutumin ka ara. Ya kamata ka san ko na wane ne.

Tambaya ta farko, wa ke biyan kuɗin gidan? Shirye-shiryen BBC na cikin gida, alal misali, suna tafiya ne da kuɗin lasisin talabijin da gidaje ke biya a Birtaniya. Deutsche Welle daga kasafin gwamnatin tarayyar Jamus take samun nata. Tashoshin kasuwanci da talla suke rayuwa, kuma da yake a ƙasashe da dama safiya ce lokacin da rediyo ya fi tara jama'a, a nan ne suke ƙoƙarin riƙe kunnenka ko ta halin ƙaƙa. Akwai na gwamnati, akwai na al'umma, akwai na ƙungiyoyin addini. Babu wanda wannan kaɗai ya isa ya mai da shi maƙaryaci ko mai gaskiya. Sanin mai gidan dai yana gaya maka inda ya kamata ka ƙara kasa kunne.

Sai kuma ka saurari yadda suke magana. Idan sun kawo labari, suna faɗin daga ina ya fito? Kana jin "a cewar wane", kana jin "ba mu kai ga tabbatar da wannan ba"? Idan an zargi wani, an neme shi ya faɗi nasa? Baƙo yana samun damar ƙarasa maganarsa, ko mai gabatarwa ya riga ya san amsar da yake so? Abin da ya fi burge ni a tasha shi ne ranar da na ji ta ce jiya mun faɗi kaza, kuskure ne, ga daidai. Gidan da ke iya faɗin haka a bainar jama'a, ina sakin jiki da shi fiye da wanda bai taɓa amsa kuskure ba. Ka kuma bambance labari da sharhi. Bitar jaridu da tattaunawar safe ra'ayi ne ya fi yawa a cikinsu, kuma da yake muryar da ta karanta labarai ita ce sau da yawa ke jan hirar, kunne mai magagi yakan haɗe su wuri guda.

Yanzu ga wani ɓangaren da ba a cika tunawa da shi ba: me hannunka da idonka ke yi lokacin da rediyon ke magana? A 1953 wani masani ɗan Birtaniya, Colin Cherry, ya sa wa mutane abin saurare a kunne, magana daban a dama, wata daban a hagu, ya ce su riƙa maimaita ta kunne ɗaya. Da aka tambaye su abin da aka faɗa a ɗaya kunnen, kusan babu abin da suka riƙe. Sun lura idan muryar namiji ta koma ta mace, amma da aka sauya harshen daga Turanci zuwa Jamusanci, ba su ankara ba. Ƙwaƙwalwa ba ta bin magana biyu a lokaci guda. Don haka idan shara kake yi, ko guga, ko shirya jaka, hira da labarai sun dace, don hannu ne ke aiki. Idan kuwa karatu kake, ko amsa saƙo, ko lissafi, kiɗa marar waƙa ya fi, ko ma shiru. In ba haka ba, karatun bai shiga ba, labarin ma bai shiga ba. Mai tuƙi ya saita tasharsa kafin ya tayar da mota, kuma hasashen yanayi da rahoton cunkoson hanya sun fi masa amfani a kan muhawara mai tayar da jijiyar wuya. Idan akwai yara a ɗakin, ka tuna su ma suna ji, kuma ba su da wanda zai fassara musu abin da suka ji in ba kai ba.

Wani lokaci kuma zaɓin ba a hannunka yake ba, sama ce ke yanke hukunci. Ka taɓa kama wata tasha mai nisa a matsakaicin zango da dare, tas kamar a maƙwabta take, gari na wayewa ta ɓace sai shuu? Rediyonka lafiyarsa ƙalau. Ga yadda abin yake. Can sama akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cajawa. Da dare, saƙon matsakaicin zango yana hawa, ya bugi ɓangaren sama na wannan sashe, ya dawo ƙasa a nesa. Da rana ta fito, sai wani falle ya samu a ƙasa-ƙasa, tsakanin kilomita 60 zuwa 90 daga doron ƙasa, ya riƙa shanye saƙon kafin ya kai inda zai juyo. Gajeren zango ma da nasa lokutan: da duhu-duhu ka nemi tasha wajen mita 49 ko 41, rana na ɗagawa ka koma wajen mita 19 ko 16. Shi ya sa tashoshin duniya ke sanar da mita daban don safe, daban don rana. Zangon FM kuwa, wanda a yawancin ƙasashe yake tsakanin 87.5 da 108, miƙe yake tafiya, ba ruwansa da dare ko rana, tudu da dogayen gine-gine ne ke tare shi. Don FM da gajeren zango, zaro eriya. Don matsakaicin zango, eriyar tana cikin akwatin, sai ka juya rediyon kansa a hankali har murya ta fito. Idan ƙara ta yi yawa, matsar da shi daga cajar waya, don tana jefa masa hayaniya. A wayar da ke kama FM kuwa, igiyar abin saurare ita ce eriyar, kada ka dunƙule ta a aljihu.

To yaya za ka gano taka tashar? Ba da safe ake wannan aikin ba, don mun riga mun ga halin da kai yake ciki a lokacin. Da dare, kafin ka kwanta, ka saita inda kake so ka farka. Ka ɗauki mako guda kana gwadawa, tasha uku, kowace ka ba ta safiya biyu, don safiya ɗaya ba ta isa a yi wa shiri hukunci ba. Minti goma sha biyar na farko ka bar wa abu mai taushi: kiɗa mai sanyi, karatu ko addu'a ga mai so, ko ka bar ɗakin shiru har magagi ya sake ka. Bayan nan labarai su shigo. Idan rana ta take, ka tambayi kanka abu biyu. Me na tuna daga abin da na ji? Kuma da wane irin rai na yi magana da mutumin farko da na haɗu da shi? Rubuta amsar a layi ɗaya, ko a waya ko a takarda. Safiya ta bakwai ka bar rediyon a kashe, ka ji yadda ita ma take. Da dare ka duba layukan nan bakwai, tashar da ta fi yi maka ka ajiye ta a maɓalli na ɗaya, idan kuma rediyonka na murɗawa ne, ka ɗiga ɗan alama da biro a daidai inda allurar za ta tsaya.